Jegon da Suwaibatu Ta Yi wa Maharazu

Duk wanda aka haifa a 'Yargoje tun zamanin sulai har bayan fitowar naira, in ya ce bai san Suwaibatu ba, ya koma gida ya tambayi uwarsa. Ita ta san ta, kuma bayanta ya fi ta saninta. Suwaibatu ce mai wankan jegon garinmu. Ba ungozoma ba ce, ba ta yankan cibi. Sai an gama wannan an share ɗaki sannan a aika mata. Ta zo da tukunyarta da damin ganyen bedi, wato darbejiya, ta dafa ruwa har ya riƙa tsalle, ta tsoma ganyen ta shiga fyaɗa wa mai jego a baya da ƙugu da ciki. Mace na kiran iyayenta da kakanninta, ita kuwa tana tambayar mutanen gida ko an sayo kanwa. Ni ma na bi ta hannunta ba sau ɗaya ba. Ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta, amma har gobe in na ji warin bedi a ruwan zafi sai na gyara zama.

'Yar Ruwan Godiya ce, can ta koyi aikin wurin gwaggonta. Aure ya kawo ta 'Yargoje, gidan Malam Almu, ɗan kawuna, wato taubashina, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Dogo ne siriri, manomin dawa da auduga, kuma ra'ayinsa a kan komai na duniya guda ne: ikon Allah. Ruwa ya yi yawa, ikon Allah. Akuya ta cinye mashi shuka, ikon Allah. Ita kuma gajera ce mai faɗi, tana ɗaura zane kan zane ko da zafi na kashe kaji, ba ta ɗaga murya, ba ta dariya sai da dalili. Bai taɓa ƙara aure ba. Shi ya ce wadatar zuci ce. Ni na ce mutum ne da ya ga abin da matarsa ke iya yi da tafasasshen ruwa.

Haihuwa kam ta yi ta, sai dai ba su zama. Wani ya yi 'yan watanni, wata ta kai ga rarrafe, wani ko suna bai gani ba. A zo gaisuwa, ta ce ya koma, a yi mata addu'a, bayan 'yan kwanaki ka gan ta da tukunya a ka za ta gidan wata. Ana haka aka samu Maharazu, ya zo ya zauna, daga shi kuma ba ta ƙara ba. Ba za a ce ta shagwaɓa shi ba. Ta dai hana shi hawan bishiya, da zuwa rafi, da tsayawa bayan jaki, da cin tuwon gidan da ba ta sani ba. Da yaro ya rasa abin yi, sai ya yi karatu.

Sai kuɗin mai suka zo. Shekarun nan ne kowa ya kwance bunu ya buga kwano, mutum ya zauna cikin ɗaki yana dahuwa da rana yana gode wa Allah da ya ɗaukaka shi. Rediyo ya shiga gidan da ko fitila babu, samari suka riƙa faɗuwa da babur a hanyar Ƙanƙara suna tashi suna kakkaɓe riga. Rabon Suwaibatu a arzikin ƙasa shi ne rabin duron kwalta da masu aikin hanya suka yar. Ta ƙone kwaltar, ta goge shi da yashi, ta jingine tukunyar ƙasa. Duron nan ya fi dagaci suna a garin. Ƙofar gidan da aka gan shi, ba sai an aika sanarwa ba.

Gwamnati kuma ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, kyauta. Aka buɗe aji a ƙarƙashin kowace tsamiya, sannan aka tuna babu malamai. Nan aka kwashi su Maharazu zuwa kwalejin horon malamai, ana ciyar da su har da 'yan kuɗin kashewa. In ya zo hutu sai ka ga wando mai faɗin ƙafa yana share mana hanya, takalmi mai tudu, suma an tara kamar kwandon auduga. Amma yaron kirki ne, yana durƙusawa ya gaida mutane, sai dai kafin ya miƙe daga kan takalmin nan sai an jira shi.

Jarrabawar fita ce ta kayar da shi. Ya ci wasu darussan, ya faɗi wasu, aka ce ya sake zama, kuma daga wannan babu wata. Da bazarar shekarar aka ba su hutu su je su shirya, ya sauka daga mota da kwalin littattafai da idanu kamar garwashi.

Ashe a makarantar tasu akwai dabarun hana barci da suke gadon su daga na gaba. A tsoma ƙafa cikin bokitin ruwan sanyi, a ci goro, a tauna garin kofi haka nan busasshe, in abin ya ƙi a nemi ƙwayar da direbobin manyan motoci ke sha. Maharazu ya yi duka, don shi ba ya raina shawara. Ya kori barci, ya kore shi, har ranar da ya neme shi ya ce ba shi zuwa. An ba shi maganin barci a can, yana kora shi da kofi. A gida sai ya zauna da littafi tun hantsi har la'asar a shafi guda. Ya ta da salla ya manta inda yake. Wata rana uwar ta ji shi bayan ɗaki yana yi wa akuya bayani da Turanci, akuyar na tuƙa. Da ta matsa mashi, ya ce in ya rufe ido sai ya ji kamar tururuwa na yawo cikin kansa, ƙirjinsa na bugu, tambayoyin jarrabawa na zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba kuma ya tuna amsar ko guda.

Suwaibatu ta san inda wannan hanyar ke ɓullewa. Ta taɓa zuwa wankan wata 'yar uwarta a wajen Sabuwa, ta ga wani saurayi da aka ce karatu ya taɓa shi. Shi ma da rashin barci ya fara. Dangi suka taru, kowa da maganinsa, wannan hayaƙi, wancan tsimi, daga ƙarshe aka ɗaure shi aka kai shi gidan mai magani aka sa shi a turu. Ya dawo shiru, kuma shirun bai sake shi ba. Yana zaune bakin kasuwa yana tsinke zaren rigarsa. Abin da take tsoro ke nan: kada a ji, a taru, a ɗauke mata ɗan da ya rage.

Ita kuwa aiki ɗaya ta iya a duniya. Ta gaya wa Malam Almu cewa ta sha ganin irin wannan idon: macen da ta sha doguwar naƙuda haka take, jiki ya mutu amma ido ya ƙi rufuwa, ko tsinke ya faɗi ta zabura. In ta sha ruwan zafi da tausa da kunu sai ta yi barcin da za a ɗora mata jinjiri a ƙirji ba ta sani ba. Ta ce jikin da ya wahala iri ɗaya ne, ko na mace ko na ɗan makaranta. Ta ce ya je ya saro itace ya yanko bedi. Malam Almu ya buɗe baki, ya dube ta, ya ce ikon Allah, ya ɗauki gatari.

To, a garinmu namiji ba ya tara itace jibgi guda a ƙofar gida da bazara don ya ji ɗumi. Ba ya kuma hawa bedi ya yanko ganye don ya yi miya. Da safe aka ga hayaƙi ya turnuƙe gidan, aka leƙa aka ga duron nan a kan murhu, a gidan mai shi, inda rabon da a dafa ruwan jego tun haihuwar Maharazu. Gidan kuma mace ɗaya ce a ciki. Kafin rana ta yi zafi labari ya kai bakin rijiya ya dawo: Suwaibatu ta haihu da furfurarta.

Ni ce ta fara zuwa barka. Na ɗauki kwanon tuwo da sabulu, bakina cike da abin da zan gaya wa Almu. Na yi sallama na shiga, sai na ishe mai jegon tsaye garau jikin zanan makewayi, ta juya mashi baya, tana ba da umarni.

"Ƙasa kaɗan, Malam. Ba shafa mashi na ce ka yi ba. Fyaɗa."

Aka fyaɗa. Wata murya mai kauri ta ce daga ciki, "Inna, don girman Allah."

Na ce, "Yaya, wa ya haihu?"

"Ba kowa. Aje kwanon, zai ci."

Da yake ɗa ya girma ya yi gemu, ba ta yi mashi wankan da hannunta ba; uban ta sa, ita tana jin sautin ganyen tana gyara mashi. Can Almu ya fito jiƙe sharkaf, hannuwansa sun yi ja, bayansa kuma ga malamin gobe da gajeren wando, tururi na tashi daga sumarsa. Na zauna a turmi na yi dariya har cikina ya ƙulle. Suwaibatu ta jira na gama, ta ba ni labari a taƙaice, sannan ta ce tunda na gani, na samu aiki: in zauna a zaure, kada kowa ya wuce ni.

Tsarin da ta yi mashi ba shi da wuya, sai dai ba a ɗaga mashi ƙafa ko kaɗan. Littattafan duka ta sa aka zuba a rumbu, aka janye tsani. Da safe bayan wanka da kari, uban ya hau ya ɗauko mashi guda ɗaya, ya yi karatu a inuwa. Ana kiran azahar littafi ya koma rumbu ko da yana tsakiyar layi. Kofi da ƙwaya ta zuba su a masai. Goron ta ba ni, don ba a zubar da goro. Da la'asar a sake dafa ruwa, ba mai zafin na safe ba. Bayan magariba ya sha kunun kanwa da ɗumi, ya yi isha, ya kwanta a ɗakin da ta toshe tagarsa da buhu, ba fitila, ba rediyo. Ta so ta hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa kamar yadda ake yi wa masu jego, Almu ya roƙe ta ta dubi bazara ta dubi Allah. Wannan kaɗai ta bar mashi.

Tausar ita take yi da kanta, da man kaɗe: wuya, kafaɗu, sai tafin ƙafa. Tana yi tana kiran gaɓoɓinsa kamar mai kiran awaki. Saki haƙoranka. Saki kafaɗa, ba wanda zai ɗauke ta. Buɗe hannu, me ka damƙe? Ta koya mashi numfashin da take sa mata su yi in ciwon bayan haihuwa ya taso: a ja iska ta hanci har ciki ya cika, a ɗan riƙe, a sake ta ta baki a hankali kamar mai hura kunu. In ya ce tambayoyin sun fara zuwa, sai ta ce ya gaya masu littafin na rumbu, su dawo da safe. Ya ce ba haka kai yake aiki ba. Ta ce nasa ai ta ga yadda yake aiki, yanzu a gwada nata.

A zaure kuwa ban sha wahala ba. Mata suka yi ta zuwa da kwanuka, ni dai in karɓa in ce ba a shiga. Ban ƙirƙiro komai ba, su suka yi mani aikin. Wata ta ce ai da gaskiyarta, macen da ta binne 'ya'ya haka dole ta ɓoye wannan daga ido. Wata ta ce halama bakwaini ne. Barakatu maƙwabciyarsu ta dafa ƙirji ta ce ita tun kaka ta ga cikin, ta yi shiru ne don ba ta son surutu, wanda duk 'Yargoje ta san ba shi ne ciwonta ba. Da aka tambayi ina Maharazu, ita ce dai ta ce ya koma makaranta, kunya ta kore shi, saurayi kamar shi a ce uwarsa na jego. Samarin da suka saba zuwa su zauna da shi suna lissafa waɗanda suka faɗi bara suka daina zuwa, don namiji ba ya shiga gidan jego. Gida ya yi tsit. Ga tuwo, ga ƙauri, ga yaji, ga fura, duk ana kawowa, mai jego na ci da gemunsa.

Ranar farko ba abin da ya samu sai raɗaɗin baya. Washegari ya gyangyaɗa da ludayi a hannu, ya farka a firgice yana neman littafi. Ana haka ana haka, wata safiya rana ta fito ba a ji motsinsa ba. Almu ya nufi ɗakin zai tashe shi salla, ya ishe matarsa zaune a bakin ƙofa da muciya a cinya. Ta ce in ya tashi ya rama. Bai tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi, fuska a kumbure, shaidar tabarma a kunci, ya ce yunwa yake ji. Daga ranar karatun safen ya fara zama. Ina jin shi daga zaure yana juya shafi.

Shi kuwa Malam Almu, ban taɓa ganin rana irin tasa ba. A masallaci ana miƙo mashi hannu bibbiyu. A kasuwar Ƙanƙara mahauci ya ƙara mashi tsoka. Tsofaffin da suka girme shi suka riƙa jan shi gefe suna tambayar wace saiwa yake jiƙawa. Bai ce an haihu ba, bai ce ba a haihu ba, ikon Allah kawai yake cewa, amma na lura hular ta koma gefe, tafiyar ma ta sake. Na ce mashi, Malam, a bi a hankali, kada ka manta ɗan naka da takalmi mai tudu ya zo. Ya ce in bar shi ya ɗana, bai taɓa samu ba.

Abin da ba wanda ya tsaya ya yi tunani a cikinmu shi ne, bayan barka suna ke zuwa. Ana gobe kwana bakwai sai ga akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji Sha'ibu ne, yayan Almu da ke Faskari, labari ya kai mashi, ya zo da rago mai ƙaho da ƙwaryar goro, yana faɗan an ɓoye mashi. Kafin Almu ya haɗa kalma biyu, Alhaji ya sa an raba goron a gari. Wanzami ya aiko cewa da sassafe zai zo. Liman ya ce bayan asuba.

Muka haɗu a madafi da yamma, ni da su biyu. Na ce akwai Fulani a bayan gari da suka haihu kwanan nan, a aro nasu na wuni guda. Sai na kawo wadda na ga ta fi sauƙi: a wayi gari a ce jinjiri ya koma, an rufe shi tun da duhu. Ba mai mamaki, ba mai tambaya, a yi mata gaisuwa a watse, shi kuma Maharazu ya fita ta baya ya hau mota, ba wanda ya san komai.

Suwaibatu na tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Na faɗi wagga magana da bakina har na gaji. Ba ni ƙara faɗinta. Bare a kan wanda ke ɗakin can shina numfashi."

Na ce to in an faɗi gaskiya fa, ta san abin da zai biyo baya, ga Alhaji da mota a ƙofa. Ta ce ta sani. Ta ci gaba da tankaɗe, garin na zuba gefen faifai ba ta gani. Almu ko ikon Allah ɗin bai iya cewa ba. Da na juya sai na ga Maharazu tsaye jikin rumbu, ya ji duka. Ya miƙo kwano a ƙara mashi kunu.

Da safe maza suka cika ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, rago na ɗaure, wanzami na wasa aska. Mu mata muna ciki, ni na samu ɓula a zana na sa ido. Liman ya matso kusa da Almu ya miƙa kunne a raɗa mashi suna. Almu ya dubi ƙasa, ya dubi rago. Sai ga Maharazu ya fito daga zaure da farar riga, ba takalmi, ya yi ƙiba, fuska na sheƙin man kaɗe. Ya durƙusa ya gaida Liman, ya gaida Alhaji, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba Liman, ba a haihu ba gidan nan. Ni aka yi ma wankan. Karatu ya hana ni kwana har na fara jin kaina ba daidai ba, Inna ta yi mani abin da ta iya. Yanzu ina kwana. Ku yi haƙuri da taron da aka sa ku."

Jama'a suka dubi juna, rago na cin igiya. Alhaji Sha'ibu ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya ce dama shi ya ga idon yaron tun bara, irin wannan ba a wasa da shi, akwai mai magani a wajensu, ga mota, a ɗauke shi yanzu tun bai yi ƙarfi ba. Mutum biyu suka miƙe suna naɗe hannun riga. Na waiga. Suwaibatu na tsaye bayana, ta riƙe zanan da hannu biyu har karan na karyewa.

Liman ya ɗaga hannu, ya dubi yaron.

"Ka yi asuba yau?"

"Na yi, Baba."

"Raka'a nawa?"

"Biyu."

"To ya fi wasu da ke zaune nan. Ku zauna." Suka zauna. Ya ɗan matso, ya rage murya, sai dai Liman kurma-kurma ne, in ya rage murya har bakin rijiya ana ji. "Kwanan nan da ka ce, har safe?"

"Har safe."

"Wane ganye ne?"

Ashe Liman ya shekara yana juyi a shimfiɗa bai gaya wa kowa ba. Da aka ce bedi, wani tsoho ya ce shi ma tun da ya buga kwano bai ƙara barcin kirki ba, wani ya tambaya ko dole sai da kanwa. Magana ta bar kan Maharazu ta koma kan ƙugun dattawa. Daga bayan zana Suwaibatu ta ce a gaya masu ita ba ta wankan tsofaffi, kowa na da mata a gida. Aka fashe da dariya, kuma taron da ya yi dariya ba ya komawa ɗaure mutum.

Liman ya ce tunda an taru an ci goro, a yi wa yaro addu'ar jarrabawa. Aka shafa. Alhaji ya ce shi ragon suna ya kawo, ba ragon barci ba, amma wuƙa ta riga ta fito, mutane sun riga sun ga kitsen, ya dube su ya ce a yi sadaka da shi. Wanzami ya ce shi bai taɓa fitowa da aska ya mayar da ita a bushe ba. Aka zaunar da Maharazu a tsakiyar jama'a aka sauke kwandon sumar nan tas. Malam Almu ya gyara hularsa ta dawo daidai, tun daga ranar kuma ba wanda ya sake tambayarsa saiwa.

Da hutu ya ƙare ya koma. Daga baya ya ba mu labari cewa a can ya shirya da masu dafa abinci suna ba shi ruwan zafi a bokitin da ya saba tsoma ƙafa, yana rufe littafi da wuri, yana kwanciya yana hura kunun da babu, 'yan ɗakinsu na yi mashi dariya da jajayen idanu. Mu dai a lokacin ba mu san komai ba. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, Suwaibatu na yawo da duronta gida gida, ba ta tambayar kowa labarin makaranta, ba kuma mai yi mata.

Dawa ta fara fitar da kai ranar da ya dawo. Ina gidan, na je aron rariya. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce ya ci, ba da yawa ba amma ya ci, an tura shi wata makaranta can gaba da Sabuwa inda mota ba ta zuwa sai rani. Can ya yi aikinsa har ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, kuma har ya bar aiki Malam Jinjiri ake ce mashi. Sunan ya riga shi isa garin.

Suwaibatu ta saurare shi har ya gama. Ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci a tasha. Ta ce to. Ta aje tsintsiyar da ke hannunta, ta shiga ɗaki da rana tsaka, ta kwanta. Muka zauna muna jiran ta fito, sai muka ji minshari. Aka aiko daga gidan Zailani mai tireda cewa matarsa ta sauka tun da safe, ruwa ake jira. Almu ya leƙa ɗakin, ya dawo ya ce a ce masu tana zuwa. Matar Zailani sai bayan la'asar ta samu wanka ran nan, ban kuwa ji ta yi ƙorafi ba.